Direbar Bas da Ta Ƙi Sayen Ƙarshen Labari

Duk wanda ya saba hawa motar safe daga Leeuwarden zuwa Harlingen ya san Tjitske Wiersma, ko da bai san sunanta ba. Doguwa ce, furfura ta cinye mata gaban kai, muryarta kuwa ba ta buƙatar lasifika. Ba ta tayar da mota sai tsohon da ya shigo ya sami wurin zama, amma wanda ya tsaya a bakin ƙofa yana latsa waya, sai dai ya jira ta gaba. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana tuƙin bas. Fasinjoji da wannan suka san ta. Mu 'yan shagon Auke kuwa, da gem, wato wasan bidiyo, muka san ta.

A wata gonar shanu kusa da Grou aka haife ta. Tana 'yar shekara goma sha uku mai sayar da soyayyen dankali na ƙauyen ya kawo wani injin gem mai cin kwabbai ya girke a lungu. Samari suka yi masa dafifi, ita kuma ta tsaya bayansu tana kallon yatsunsu har sati biyu. Ranar da ta jefa nata kwabon, sai da mai shagon ya zo ya ce ta tausaya wa na bayanta. Mahaifinta ya ce wannan shiriritar birni ce, yarinyar da ke tatsar shanu arba'in ba ta da abin yi da akwatin da ke kuka kamar ɗan tsako. Ba ta yi masa musu ba, ba ta kuma daina ba. Da gonar ta koma hannun wanta, sai ta tattara ta taho gari ta koyi tuƙi. Ta yi aure sau ɗaya, shekara huɗu. Mijin ya ce ta zaɓa, ko shi ko na'urar da ke ƙarƙashin talabijin. Ita da kanta ta nemo masa kwalayen da ya zuba kayansa.

Ba ta haihu ba, amma Hidde, ɗan wan nata, kusan a falonta ya tashi. Duk hutun makaranta yana wurinta. Ita ta fara damƙa masa hannun gem, abin latsawar da ake sarrafa wasa da shi, yana ɗan shekara shida, da rubutun da ke fitowa a allo ta koya masa Turanci, ita ce kuma ta raka shi tasha ranar da ya tafi Utrecht neman aiki a wani babban shafin intanet mai sharhin wasanni. Da ya samu, sai da ta buga sharhinsa na farko a takarda ta manna a jikin firij.

Ni sunana Ruurd, gyaran keke nake yi a layin da ke bayan shagon Auke. Shi Auke tsofaffin faya-fayan gem yake saye yana sayarwa, kuma a ƙuryar shagon akwai ɗaki mai tebur ɗaya da kujeru marasa kama da juna. Duk Asabar daga ƙarfe biyu zuwa biyar a nan muke. Auke ya dafa kofi, wani ya zo da burodin sukari, a yanka a shafa man shanu, a shiga musu: me zai fito bana, wanne aka sake ɗage ranarsa, wane mai sharhi ya sayar da bakinsa. Ban da ni da Auke da Tjitske akwai Wopke, malamin lissafi da ya yi ritaya, wanda ba a taɓa tallar gem bai biya tun kafin ya fito ba. Shi da Tjitske ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, kuma ba wanda ya taɓa fashin zuwa.

Akwai wani gem, Fitilar Gaɓa, da Tjitske ta ɗauka daban da saura. Labarin wata tsohuwa ne mai tsaron hasumiyar da ke haska wa jiragen ruwa hanya, wadda 'yarta ta fita da kwalekwale ba ta dawo ba. Mai wasa shi ne tsohuwar. Ka bi tsibirai, ka tambayi masunta, ka tattara alamu. A ƙarshe sai wasiƙa ta iso da rubutun hannun 'yar, ke nan tana raye. Nan ya tsaya. Tjitske ta buga shi ne a hunturun da mahaifiyarta ke kwance asibiti, ta ce shi ya riƙe mata hankali. Shekara tara tana jiran na biyu. A tsakanin nan wani ƙaton kamfani ya saye 'yan tsirarun mutanen da suka ƙirƙiro shi, sai kuma aka sa ranar fitowar na biyun: Juma'ar farko ta watan Oktoba.

Asabar ɗin da ta rage kwana shida, Wopke ya shigo yana washe baki tun daga ƙofa.

"Jama'a, ni dai na biya. Na zinare na ɗauka, mai akwatin ƙarfe da taswira, da duk wani ƙari da za su fitar nan gaba."

Ƙari shi ne abin da kamfani ke sayarwa daban bayan gem ya fito, ka biya ka sauke ta intanet. Wani lokacin sabon gari ne, wani lokacin riga ce kawai ko doki.

Tjitske ta ajiye kofinta. "Malam, kai da ka koyar da lissafi shekara arba'in, ka biya abin da ba ka gani ba? To kawo kuɗin motar baɗi, in na ga dama na tsaya maka."

"Ke dai hassada ke damun ki. Kin ga tallar kuwa? Ruwan tekun nan kamar ka tsoma hannu."

"Talla na gani, ban ga gem ba. Ni ma in aka ɗauki hoton motata ta gefen da bai lotse ba, sabuwa ce fil."

"Waɗanda aka kai suka ɗana duk sun yaba."

"Maroƙan kamfani? A kwashe su a jirgin sama, a kai su otal, a cika musu ciki, a ba su riga mai tambari, sannan a ce su faɗi gaskiya? Cikinsu duka mutum ɗaya nake saurare. Bari na Hidde ya fito."

Na Hidde ya fito ranar Talata. Da rigar aiki ta zo shagona, a tsaye ta karanta min daga wayarta. Maki tara cikin goma ya bayar. Wajen ƙarshe ya rubuta cewa bai taɓa ganin an rufe labari haka ba, wai da tsohuwar ta tura ƙofar nan ta ƙarshe sai ya ajiye hannun gem, hawaye suka hana shi ganin allo.

"Ka ji ko?" in ji ta. "Yaron nan ko a jana'izar kakarsa bai yi kuka a gaban mutane ba. In ya ce ya yi kuka, to ya yi."

Duk da haka sai da ta kira shi ranar Alhamis ta ji daga bakinsa. Ranar Juma'a ta sayi faifan, ta ɗauki hutun sati guda a wurin aiki, ta ce kar wanda ya neme ta.

Alhamis ta satin hutun, wajen sha ɗaya na safe, ina cikin ɗaura tayar wani keke sai ga ta a kaina. Ruwan sama ya jiƙa ta sharkaf, takalmin zaman gida ne a ƙafarta.

"Ruurd, ajiye sifanar nan ka saurare ni."

"Lafiya? Gobara aka yi?"

"Gara gobara. Awa ashirin da takwas na yi. Tsibiri goma sha biyu na bi. Na iso gidan, ga hayaƙi na tashi, ga muryar yarinyar a ciki tana 'yar waƙa. Na ɗora hannu a kan ƙofa. Ka san abin da ya faru?"

"Kin tura."

"Allo ya yi baƙi ƙirin! Sai ga rubutu, wai babin ƙarshe na nan tafe watan gobe, yuro ashirin. Har da hoton kwandon sayayya, Ruurd! A bakin ƙofar 'yata!"

Ban tuna mata cewa 'yar tsohuwar ce ba. Na miƙa mata tsumma ta goge fuska, ta karɓa ba ta goge ba, sai kaɗa shi take.

"Kamar in kwaso fasinja daga nan, in kai su daf da shiga Harlingen, in kashe mota in ce wanda ke son ƙarasawa ya sake yankar tikiti. Na rantse kafin yamma an kore ni, kuma da an yi daidai. To su waye zai kore su? Amma ba wannan ya fito da ni cikin ruwa ba. Wace ƙofa Hidde ya tura? Wane ƙarshe ya gani har ya yi kuka?"

Na ɗaga kafaɗa. Ta ce ta kira shi sau huɗu bai ɗaga ba, don haka ta tura masa saƙo: in da sauran kunya a idonka, Asabar ƙarfe uku, shagon Auke.

Asabar ɗin ba wanda ya tuna da burodin sukari. Wopke ya zo jiki a sanyaye, domin nasa na zinaren ma a bakin ƙofar ya tsaya, bambancin kawai shi ya riga ya biya kuɗin jiran. Auke kuma ya juyo mana da kwamfutarsa. Wasu da suka iya tona cikin faifai sun tona, sun tarar da babin ƙarshen yana ciki gaba ɗaya, da muryoyi da kiɗa da komai.

"Ke nan abin yana falonki tun Juma'a," in ji Auke. "A cikin faifan da kika saya yake. Kwaɗo kawai suka sa masa."

Tjitske sai jan numfashi take ta hanci.

Ƙarfe uku da 'yan mintuna Hidde ya shigo. Dogo ne kamar ta, shekararsa talatin, ga jakar goyo a kafaɗa, ga kwalin kek a hannu. Ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, ya sunkuya zai sumbaci kumatunta, ta kau da kai.

"Zauna can. Ajiye kek ɗinka, ba biki muka zo ba."

"Gwaggo, bari in yi miki bayani."

"Shi na kira ka ka yi. Ka ga ƙarshen ko ba ka gani ba?"

"Na gani. Wanda aka aiko wa masu sharhi a buɗe yake duka. Ba wanda ya ce mana za a yanke wani abu. Abin da na buga shi na rubuta. Kukan ma na yi shi."

"To kin ji," in ji Wopke. "Shi ma yaudararsa aka yi."

"Malam, ba da kai nake ba." Ta juya ga Hidde. "Yaushe ka sani?"

Ya dubi tebur. Sai da ta maimaita sannan ya amsa.

"Laraba. Kamfanin ya turo saƙo, wai an canja tsarin sayarwa, babin ƙarshe ya koma ƙari, kuma yarjejeniyar da muka sa wa hannu ta hana mu faɗa sai gem ya fito."

"Laraba. Ni kuma yaushe na kira ka?"

"Alhamis."

"Ina tashar Harlingen, ina hutun minti goma sha biyar, burodina a hannu. Na ce, Hidde, in saya? Me ka ce min?"

"Na ce ki saya."

"Ba haka ka ce ba. Cewa ka yi, Gwaggo, sayi ido rufe."

Kunnuwansa suka yi ja. Ya ce tun ranar Larabar ya je wurin editansu ya roƙi a bar shi ya gyara sharhin, ko a sauke shi. Editan ya ce in suka karya yarjejeniya kamfanin ba zai sake aiko musu da gem kafin fitowa ba, wasu shafukan za su riƙa riga su da sati guda, masu karatu su watse, mutum bakwai su rasa abin yi. "Gwaggo, ke ba ki san yadda harkar take ba."

"Ni ce ban sani ba? Kamfanin da na fara yi wa tuƙi, wanda ya mutu kafin ka yi wayo, sun taɓa cewa in fita da motar da birkinta ke wasa don kar jadawali ya lalace. Na ajiye musu makulli a kan tebur, suka dakatar da ni sati biyu. Kar ka gaya min ban san tsoron rasa aiki ba. Kuma ni ban ma ce ka karya musu yarjejeniya ba. Kalma biyu ce: Gwaggo, dakata. Wace kotu za ta kama ka a kan wannan? Ni da na share maka majina da bakin rigata, ka bar ni na ƙona hutun da nake tarawa tun bazara, kana sane!"

"Na ji tsoro ne. In na gaya miki, na san kafin awa ɗaya duk Leeuwarden ta ji."

Auke ya yi tari don ya danne dariya, domin wannan kam gaskiya ce. Tjitske ta harare shi.

Sai Hidde ya zaro wata 'yar takarda daga aljihu ya tura gabanta. Ya ce lambar masu sharhi ce, in ta sa ta yau ɗin nan babin zai buɗe, ba jira, ba biya.

Ta daɗe tana kallon takardar. Shekara tara tana son ta san abin da ke bayan ƙofar nan, mu duka mun sani, shi ma ya sani.

"Mutum nawa suka karanta sharhinka?"

"Sun haura dubu ɗari."

"Ka kawo musu tasu lambar?"

Ya girgiza kai.

"To ni ce za a toshe wa baki ke nan. Mayar aljihunka."

Wopke ya ɗan miƙo hannu. "Ai in ba ta so, ni..."

"Malam, ka taɓa takardar nan, ni da kai har abada."

Hidde ya ɗauki takardarsa da jakarsa ya fita. Kek ɗin mu muka ci, ita ko kallonsa ba ta yi ba.

Wata uku ba ta yi masa magana ba, kuma ba ta zauna ba. Ta rubuta wa editan wasiƙa shafi uku. Bayan kwana goma aka ƙara layi ɗaya a can ƙasan sharhin, da ƙananan baƙaƙe, wai an buga wannan sharhi ne a kan kwafin da ya haɗa da ƙari. Makin yana nan tara. Ta rubuta wa ofishin da ke sauraron koken masu sayayya, suka amsa cewa ai an rubuta a bayan kwalin cewa wasu sassa na iya buƙatar ƙarin biya. Ta zo da kwalin shagon Auke da gilashin ƙara girman rubutu, muka bi muka bi, sai ga shi a layi na goma sha huɗu, tsakanin gargaɗin farfaɗiya da adireshin kamfani.

"Wasu sassa!" in ji ta. "Ƙarshen labari ne wasu sassa? Gobe a sayar maka da keke, Ruurd, a ce tayar baya wasu sassa ce."

Wopke bai daina musu ba. Da babin ya buɗe masa a watan Nuwamba ya buga, ta hana shi ko da ya yi murmushin da zai nuna yadda aka ƙare. Amma ya ce mata a yi adalci: ƙera gem yanzu yana cin mutane ɗari uku da shekara biyar, kuma ba kowane ƙari ne sata ba.

"Wa ya ce kowanne sata ne?" in ji ta. "Yaran nan huɗu na Tampere da suka yi gem ɗin masu kiwon zuma, sun ba ni labari cikakke, na gama, na ƙoshi. Bayan shekara suka ce ga sabon kwari mun gina, mai so ya saya. Na saya da hannu biyu. Wannan ƙari ne. Amma ka yanke wa kifi wutsiya a gabana, ka ɓoye a bayanka, ka ce in dawo watan gobe, wannan ba ƙari ba ne, Malam, ragi ne."

A wannan watan ta sa Auke ya kafa allon katako kusa da ƙofar shago. Duk wanda ya sayi gem da kansa ya buga, yana iya rubuta ra'ayinsa a takarda ya manna, da sunansa. Nata na farko a kan Fitilar Gaɓa na biyu ne, layi uku kacal: yana da kyau har bakin ƙofa, daga nan ban sani ba, domin ba a sayar min ba. Mutane suka riƙa tsayawa suna karantawa. Wani ya ɗauki hotonsa ya sa a intanet, sati guda Auke yana amsa waya.

Cikin Janairu, ba tare da ya shawarci kowa ba, Hidde ya rubuta komai a wani ɗan shafi nasa: kwafin da aka aiko musu, saƙon Laraba, abin da edita ya ce, har da kiran da gwaggonsa ta yi masa da amsar da ya ba ta. Ya ce sharhin nan nasa ne, shirun ma nasa ne. Kwana biyu labarin yana yawo ko'ina, mutum dubu arba'in suka danna masa alamar yabo. Rana ta uku aka sallame shi daga aiki. Kamfanonin da suka saba aiko masa da gem suka ɗauke ƙafa. Ya bar ɗakinsa na Utrecht ya koma gonar mahaifinsa, ya koma tashin asuba yana tatsar shanu, in ya sami sarari ya rubuta sharhin gem ɗin da ya ara a shagon Auke.

Mun zaci Tjitske za ta huce. Ina! Sabon faɗa ta buɗe.

"Dubu arba'in suka tafa masa, mutum ɗari uku suka biyo shi. Sauran duk sun koma wancan shafin, domin can ake samun labari da wuri. Kullum kuka kuke, masu sharhi maƙaryata ne, masu sharhi an saye su. Ga wanda ya faɗi gaskiya, kun bar shi da bokitin madara. Ai mu ne matsalar, ba su ba. Har da kai, Ruurd, na ga abin da kake karantawa a wayarka."

Na mayar da wayar aljihu.

Lahadin da ta biyo ta hau keke ta tafi gonar, kilomita goma sha biyar, iska na tunkuɗo ta. Hidde ya gaya min daga baya cewa a garke ta same shi, ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma tayar da maganar ba. Tsayawa ta yi tana kallon yadda yake sa wa saniya injin tatsa, sai ta ce, "Matsa, ɗan birni, za ka ji mata ciwo." Suka ƙarasa aikin tare.

A watan Yuni kamfanin ya ga ciniki ya tsaya, ya fitar da sanarwa mai cike da daɗin baki, wai sun saurari masoyansu, babin ƙarshe ya zama kyauta ga kowa. Tjitske ta ce ba kyauta ba ce, kayanta ne aka dawo mata da shi bayan wata takwas, ba ko ban haƙuri. Sati biyu tana jan aji. Wata Lahadi da rana dai ta zauna ta tura ƙofar. Da Asabar ta zagayo ta shigo ta zauna tana kurɓar kofi, har sai da Wopke ya kasa haƙuri.

"To, direba? Yaya?"

"Ya yi kyau," in ji ta, kamar wadda aka zaga. "Ya yi kyau ƙwarai. Shi ne abin haushin. Akwai wata baiwar Allah a can da ta zauna ta rubuta wannan ƙarshe da zuciyarta, wani manajan kamfani mai ɗamarar wuya ya zo ya sa masa kwaɗo. Da a Oktoba na gan shi, a lokacinsa, da ban san halin da zan shiga ba. Yanzu kuwa ina kallo ina tuna kwandon sayayya. Sun ɓata abinsu da hannunsu."

"Kin yi kuka?"

"Ba ruwanka."

A ƙarshen watan Agusta wata ƙaramar mujalla a Groningen ta nemi Hidde. Ya zo ya tambaye ta ko ya karɓa. Ta ce ya karɓa mana, ko so yake ya tsufa a gindin saniya? Ya karɓa. Sharhinsa na farko ya fito satin da ya wuce, a kan wani sabon gem na jiragen ƙasa da kowa ke ba tara. Shi shida ya ba shi, ya ce tsakiyarsa ja ce kawai babu nama. Tjitske ta sayo don ta duba aikin yaron. Jiya ta tsayar da ni a bakin danja, ta leƙo ta tagar bas, fasinjoji cike a bayanta.

"Ruurd! In ka ga Hidde ka ce masa ya zo Asabar. Shida? Gem ɗin nan shida? Yaron nan ya fara rowar maki don a ce ba a saye shi ba. Wannan ma ai wata ƙaryar ce!"

Danja ta ba da hannu, na baya suka fara hon, ta ja motarta tana ci gaba da faɗa ita kaɗai.